Inuwar da Ta Hau Goshi

Shugabar wannan ƙungiya tamu ta masu fentin 'yan mutum-mutumi, Madam Aili Koskela. Alƙalan gasar bana, waɗanda suka wuni a sunkuye da tabarau har wuyansu ya sage. Fasto da ya ara mana wannan zaure na ƙarƙashin coci. Iyayenmu mata da suka cika mu da fanke da kofi mai zafi. Tsofaffin hannu da sababbin shiga. Da ku mata da mazan aure da aka jawo nan ba da son ranku ba, ina yi muku barka da yamma, barka da ratso dusar ƙanƙara.

Sunana Odette, matar Lorne Maki, wancan da ya noƙe a layin baya kamar ba da shi ake ba. Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama, ina godiya gare ku da kuka ajiye burushi domin ku saurare ni.

Kun san al'adarmu. Duk shekara idan an gama gasa, akan buɗe teburin bankwana, inda wanda ya daina sana'ar yake ajiye fentinsa da burusansa, sababbin shiga su ɗiba, kuma wani daga gidansa ne ke yin jawabin buɗewa. Kun kuma san abin da ya sa bana ni ce a tsaye. A hunturun bara mijina ya sa hannunsa na dama a bakin injin kwashe ƙanƙara domin ya cire abin da ya toshe shi. Yatsu biyu suka tafi, sauran suka daina jin magana. Da kaka ta shigo ya shaida wa Madam Aili cewa akwatinsa zai hau teburin nan.

Ni mai karatun littattafan soyayya ce, ba na ɓoyewa. A cikinsu idan masifa ta sami miji, matar takan tsaya a bakin taga tana hawaye, kafin babi na ƙarshe ya warke. Na tsaya a bakin taga, na yi hawayen, hannun bai warke ba. Saboda haka na ce masa, tunda akwatin sai watan Fabrairu zai tafi, ya koya mini abin da ya sani kafin nan, da hannun hagu yana nuna mini.

Ya ce, “'Yar littafi, ke da ba ki iya shafa jan farce ba tare da kin haɗa da kujera ba?”

Na ce, “To ka ga akwai aiki a gabanka.”

Sababbin shiga, ku ne nake wa magana yanzu, domin abu uku na koya a teburin kicin ɗinmu.

Na farko, ruwa. Fenti daga kwalba kauri gare shi, idan ka ɗora shi a fuskar da ba ta kai ƙwayar wake ba, ka binne ido, ka binne hanci. A sirka shi har ya yi kamar madara, a shafa, a jira ya bushe, a sake shafawa. Mutum-mutumin jarumin da na fara yi wa fenti ya fito kamar wanda ya faɗa cikin kwaɓin kek. Lorne ya juya shi, ya ce, “Ina gabansa, ina bayansa?”

Na biyu, kada burushi ya tafi wurin aiki a ƙoshe. Ka tsoma, ka goge a takarda ko a bayan babban yatsanka, sai abin da ya rage kaɗan ka kai jikin mutum-mutumin. Shi ya sa a garin nan ake gane mu a layin kanti, ta yatsa mai launi bakwai.

Na uku shi ne inuwa, kuma a nan maganar take. Fenti mai ruwa yakan taru ne a inda ka ɗaga burushi. Don haka ana jan sa daga inda haske yake zuwa inda duhu zai kwanta: daga goshi zuwa ƙarƙashin haɓa, daga kafaɗa zuwa hammata. Lorne ya ɗauki wata jaruma mai gatari domin ya nuna mini. Hannun hagu kuwa ya ƙi ja ƙasa ba tare da rawa ba. Turawa sama kaɗai yake iyawa a natse. Duhu ya taru a goshi da kafaɗu, ƙarƙashin haɓa ya yi fari tas. Ya sake, haka. Ya sake, haka.

Abokinsa Darek, ga shi can yana cin fanke na mutane, ya zo ya gani. Ya ce, “Juya ta kai ƙasa mana, malam. Sai ka ce ba kai ka koya mini ba.”

Lorne ya ɗaga hannun dama ya nuna masa. Ya ce, “Da me zan riƙe ta a juye? Da addu'arka?”

Daga nan ya rufe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a akwati, ya ce karatu ya ƙare. Jarumar ya bar ta a kan taga kusa da tukunyar fure.

Nakan kalle ta ina wanke-wanke, kuma kun san halin mai karatu irina, ba na iya ganin fuska ban ba ta labari ba. Wata rana na ce, “Lorne, matar nan ba ɓaci ta yi ba. Fitila ce a ƙasa kusa da gwiwarta. A bakin tafki take, mijinta ya tafi kamun kifi a kan ƙanƙara bai dawo ba.”

Ya ce, “Soja ce. Gatari ne a hannunta. Ba ta da miji.”

Na ce, “Soja ba ya aure?”

Ya daɗe yana kallon jarumar. Washegari da rana tsaka ya sa na rufe labulen falo, na sa rigar wanka, na saɓa shebur a matsayin gatari, na riƙe fitilar da muke zuwa daji da ita daidai gwiwa. Ya zauna yana duban inda haske ya kama ni: ƙasan hanci, ƙasan haɓa, bakin hannun riga. Na ɗan langaɓe kai kamar matan bangon littafi, ya ce, “Madam, miƙe wuyanki, ba hoton aure ba ne.” Hannuna ya yi tsami, ban sauke ba, domin na ji ƙarar murfin akwati.

Ya manna wa jarumar 'yar fitila a hannunta na ƙasa. Ya riƙa tura launi sama, siriri a kan siriri, launin ruwan lemo a kusa da fitilar, ja a gaba kaɗan, shuɗi mai duhu a goshi da kafaɗu, inda hannunsa dama can yake son ajiye shi. Makonni ya yi yana wannan. Ranar da ya yi fushi ya yi, ranar da kofi ya zube ya zube, amma ba a sake jera kwalabe ba.

Jama'a, ita ce kuka gani a teburi na tsakiya, wadda alƙalai suka ba ta matsayi na biyu a yau. Darek, wanda ya zo na ɗaya, ya rungume shi ya ce, “Da hannun dama ko kusa da ni ba ka taɓa zuwa ba. Kada ka kuskura ka warke.”

Ina alfahari da wannan matsayi, ina alfahari da wannan hannu. Amma abin da ya fi cika mini zuciya ya faru ne tun da safe, alƙalai ba su ma iso ba. Lorne mutum ne mai cika alkawari, ya ɗauko akwatin ya sa a bayan mota. Muna jiran inji ya ɗumama, jarumar tana kan cinyata a cikin auduga, sai ya leƙo ya ce, “Dubi kafaɗar hagu, shuɗin ya yi yawa. A ta gaba ba zan yi wannan kuskuren ba.” Sannan ya buɗe ƙofa, ya zagaya, ya ɗauki akwatin ya mayar cikin gida.

Saboda haka, sababbin shiga, ku yi haƙuri. Na san wasunku sun sa ido a kan burusan nan tun kaka. Teburin bankwana na bana a buɗe yake, amma babu komai na gidanmu a kansa. Mai son abin da Lorne yake da shi ya zo ranar Alhamis da yamma ya zauna kusa da shi, a ɓangaren dama, kada ya tokare masa gwiwar hannu.

Allah ya ƙara wa idanunku haske, ya natsar da hannuwanku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa waɗanda suka ciyar da mu, ya mayar da kowa gidansa lafiya a kan wannan hanya mai santsi.

Na gode.