Faifan Hankakan Teku Ya Dawo, Mai Waƙar Bai Dawo Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugabar wannan taro, Farfesa Talat Ansari, Mehrin Jatoi, wadda na ɗauka tamkar 'yata, mai kamfanin da ya sake buga wannan faifai, iyalan marigayi Hoshang Mistry da na marigayi Melvil Vaz, 'yan jarida, tsofaffin makaɗan Karachi da nake hange a layin baya, masu furfura da masu sanƙo, samari da 'yan mata da ba a haife ku ba lokacin da muke hana unguwar Saddar sakat, jama'a maza da mata, ina gaishe ku da kyakkyawar gaisuwa.

Sunana Murad Bakhsh, mutumin unguwar Liyari, makaɗin ganguna na ƙungiyar Hankakan Teku. Ba don na fi iya magana aka miƙo mini wannan lasifika ba, sai don ni kaɗai na rage da zan iya tsayawa a gabanku. Rashin farin wata, tauraro ke haske.

Ina gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana, ina gode muku da kuka baro ayyukanku, ina kuma gode wa Mehrin, wadda ta tsinci tsohon faifan garmahonmu a kasuwar Lahadi, a tsakanin fasassun rediyo da takalman gwanjo, ba ta huta ba sai da ta gano ƙofar gidana.

Magana ta farko: su wane ne mu. Mu huɗu ne. Hoshang na kaɗa jita mai kaurin murya, Melvil na danna molon lantarki, ni ina dukan fata, sai Alwin Braganza, mai jita da waƙa. Kiɗanmu nauyi gare shi kamar saukar aradu, ga shi yana juya kan mai sauraro har ya ga kamar mafarki yake ido biyu. Iyayenmu suka kira shi hauka. Mai otal ɗin da muke wasa ya taɓa cewa Alwin, "Don Allah ka rage ƙara, kofuna na rawa a kan tebur." Alwin ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gode wa Allah, a gidan nan ko kofi ya iya rawa." Faifai ɗaya tak muka buga, a shekarar saba'in da biyu, muna ganin kamar mafari ne. Ashe shi ne mafari, shi ne ƙarshe.

Magana ta biyu: yadda muka watse. Da aka rufe gidajen rawa a saba'in da bakwai, dandalinmu ya rufe tare da su. Hoshang ya tafi Toronto, can ƙasa ta rufe shi cikin ƙanƙara. Melvil ya tafi Maskat aikin ofis, can ciwon zuciya ya ɗauke shi. Ni na koma kiɗan biki. Alwin ya ƙi tafiya, ya ƙi kuma kiɗan biki. Ya zauna yana koya wa yara jita a ɗaki guda a Saddar, bai yi aure ba, bai bar rera waƙa ba. Zaren naɗin sautinmu na asali kuwa, ruwan damina ya shiga ɗakin ajiya ya cinye shi. Wannan baƙin faifai mai sheƙi da kuke riƙe da shi, daga wancan tsintaccen aka kwafo shi.

Magana ta uku, ita ce mai nauyi. Alwin yana raye. Yana gidan tsofaffi da masu hidimar coci ke kula da su, nan cikin garin nan, kuma ciwon mantuwa ya wanke masa kai. Mehrin ta ce mini, "Kawu, waƙoƙinsa ne, muryarsa ce. In bai yarda ba, ba zan buga ba, ko da na riga na sa duk abin da na mallaka." Na ce, "'Yata, mutumin da bai san sunansa ba, yaya zai ba ki izini?" Ta ce, "Mu dai je."

Muka je da hantsi, da faifan gwaji da ƙaramin garmaho. Muka same shi a baranda, an ajiye masa shayi ya huce. Na ce, "Alwin, ja'iri, ba ka gane ni ba? Murad ne, mai fasa maka kunne." Ya dube ni da ladabi irin na baƙo, ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Likita ne?"

Mehrin ta ɗora allura. Jita ta yi kururuwa, ganguna suka shigo, sai muryar ta tashi. Jama'a, na ga yatsun hagunsa sun fara tafiya a kan hannun kujera, suna danna wuraren da ya kamata, ba kuskure ko ɗaya. Na ce a raina, shi ke nan, ya dawo. Ya saurara har waƙar ta ƙare, ya juyo gare ni, ya ce, "Malam, wane ne wannan yaron?"

Mehrin ta durƙusa ta ce, "Kawu Alwin, muna so mu buga waƙoƙinsa ne duniya ta ji. Ka yarda?" Ya ce, "Ni kuke tambaya? Ku buga mana! Ku taimake shi tun da sauran ƙuruciyarsa. Ku dai gaya masa ya kula da maƙogwaronsa. Yaron nan zai yi nisa."

Da wannan izini aka buga faifan nan. Ko izini ne, ko ba izini ba ne, har yau ina juya shi a raina, na kuma bar wa Allah.

Magana ta ƙarshe, roƙo ne. Na ji jaridu suna kiranmu gwaraza, suna kiranmu magabata. Madalla. Amma yabon da ya iso bayan kunne ya toshe, bayan ƙwaƙwalwa ta dushe, bayan kabari ya bushe, ihu ne bayan hari. Ku dubi layin baya. Ga mutanen da suka yi kiɗan da ya fi namu, zaren sautinsu na ruɓewa a ƙarƙashin gado, su kuma suna nan da ransu, da hankalinsu, da labarinsu a baka. Ku je musu yau, kada ku jira gobe. Ku tambaye su tun suna iya amsawa, ku kunna musu tun suna iya cewa, "Ni ne wannan."

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sassauta wa waɗanda ke kwance, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Allah ya albarkaci wannan taro, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya bar mu da hankalinmu har ranar da zai karɓi abinsa.

Na gode.