An Rage wa Jif Shekaru

TOBIYA: Alo? Alo! Jos ne? Yaya Simeon nake nema.

SIMEON: Ni ne. Wa ke magana? Ɗaga murya, kamar daga cikin rijiya nake jin ka.

TOBIYA: Tobiya ne, Yaya! Ƙaninka! Daga Jalingo!

SIMEON: A'a, ango! Ina wuni?

TOBIYA: Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya?

SIMEON: Ba gajiya. Yaya aiki? Yaya mutanen unguwar Turaki?

TOBIYA: Mun gode Ubangiji. Yaya sanyin Jos? Anti Dinatu fa, da yara?

SIMEON: Duk kalau. An samu mai a wajenku?

TOBIYA: Ina! Sai 'yan bumburutu. Amma na tara jarka biyu a ƙarƙashin gado saboda tafiyar Asabar.

SIMEON: A ƙarƙashin gado? Kai, Tobiya. To, shirin fa? Na ɗauki izini a ofis. Jumma'a ina Jalingo, Asabar mu hau Gembu mu nema maka auren Lydia. Jif ɗin nan taka 'yar Beljiyam za ta iya hawan Mambila dai ko?

TOBIYA: Abin da ya sa na kira ke nan. Yaya, ka taya ni murna. An yi mata babban sabis.

SIMEON: Madalla! Me da me aka yi?

TOBIYA: Sabon hon, irin na tirela. Rigar kujera ja mai gashi-gashi. Fitila huɗu a kan rufi. Sai turare mai ƙamshin lemo.

SIMEON: Na ce sabis, kana lissafa mini kayan lefe. Baƙin mai fa? Birki? Lagireto?

TOBIYA: Baƙin mai yana nan, ai bai ƙare ba.

SIMEON: Ba jira ake yi ya ƙare ba! Me Hammanjoda bakanike ya ce?

TOBIYA: Bar ni da Hammanjoda. Wata jar wuta ce ta kama a gaban sitiyari, na kai masa. Ya leƙa mita, ya kama baki, sai "useni, useni" yake ta yi mini da Fulatanci, yana roƙona. Wai motar ta kai kilomita dubu ɗari uku, lokacin canza bel ya yi.

SIMEON: Bali? Me za ku tsaya yi a Bali?

TOBIYA: Bel! Taimin bel, na cikin inji! Wai kuma babu shi a Jalingo, sai an aiko daga Jos ko Onisha, motar ta kwana a gareji sati guda. Ni kuma baban Lydia ya riga ya gaya wa duk 'yan cocinsu cewa surukinsa da jif zai zo.

SIMEON: To, sai ka canza bel ɗin?

TOBIYA: Na yi abin da ya fi haka. Ka san Success, rewayan nan mai gyaran wutar mota na bakin tasha?

SIMEON: Wanda ya haɗa hon ɗin Fasto da birki?

TOBIYA: Wannan tun yana koyo ne. Shi ya buɗe mita ya mayar da ita baya. Yanzu dubu arba'in take nunawa. Ya zare ƙwan jar wutar ma. Tsit kake ji, Yaya. Mota ta dawo budurwa. Alo? Layi ya yanke ne?

SIMEON: Ina nan. Kujera nake nema in zauna. Sake faɗa mini, a hankali.

TOBIYA: Ai lissafi ne mai sauƙi. Bel a dubu ɗari uku yake tsinkewa, ko ba haka ba? Mu yanzu muna dubu arba'in. Kafin ta sake kaiwa can, ni da Lydia mun aurar da 'ya'ya.

SIMEON: Yesu Almasihu! Bel ɗin karatu yake yi? Leƙa mita yake yi kafin ya tsinke?

TOBIYA: To ta yaya wutar ta san lokaci ya yi? Ba mita ce ta gaya mata ba?

SIMEON: Wuta daban, roba daban! Robar ta tsufa!

TOBIYA: Yaya, kai ba ka aikin gwamnati, shi ya sa. Da aka ba mu jiha, mutum nawa suka dawo daga Yola da sababbin shekaru? A ofishinmu akwai Baba Andrawus. Ritaya ta zo masa, ya je kotu ya yi rantsuwa, aka rage masa goma. Ga shi nan yana aiki garau, har ƙarin girma ya samu.

SIMEON: Gwiwarsa fa? An kai ta kotun ita ma?

TOBIYA: Gwiwa kam... ɗaukarsa ake yi a hau da shi bene. Amma yana zuwa aiki!

SIMEON: Wa zai ɗauki jif a tsakiyar dutsen Mambila? Ni?

TOBIYA: Haba, kar ka yi mana baki mana. Madam, ki yi haƙuri, na kusa gamawa! Yaya, mutane sun yi layi a bayana a rumfar waya, kati kuma yana ta tafiya.

SIMEON: Su jira! Saurara. Wannan dubu ɗari ukun ma, wa ya ce maka gaskiya ne? Bature ya hau, ɗansa ya hau, aka sa ta a jirgin ruwa, 'yan Kwatano suka karɓa. Kana tsammani su ba su da nasu Success ɗin?

TOBIYA: Ka gani! Ashe ma ta saba. Ba yau aka fara rage mata ba, kuma ba ta mutu ba.

SIMEON: Wayyo kaina. Inji ba ya wani ƙara?

TOBIYA: Da safe yana ɗan yin ƙiii-ƙiii kamar ɓera. Amma Success ya gyara rediyo, idan na ƙure murya ba a ji sam.

SIMEON: Tobiya, ka tuna motata ta farko? A hanyar Akwanga bel ya tsinke. Ba sallama, ba tari, inji ya ɗauke ɗif ina cikin gudu. Sitiyari ya yi tauri kamar turmi. Gonar rogon wani ce ta tare ni. Can fili ne. Mambila kuma hagu dutse, dama rami, ƙasa ba ka hango komai sai gajimare.

TOBIYA: Fasto ya ɗora mata hannu ranar Lahadi.

SIMEON: A kan bonet ya ɗora, ba a kan bel ba! Ji nan. Yau zan shiga kasuwa in sayi bel, in ba direban motar dare ya kawo wa Hammanjoda. Ka kai masa motar yanzu, ka ba shi haƙuri. In ba ta gama ba kafin Asabar, mu ɗauki shatar fijo.

TOBIYA: Fijo? In je neman aure a motar haya bayan an yi shelar jif a coci? Gara in fasa!

SIMEON: To fasa! Ni dai ba zan shiga ba, kuma Mama ba za ta sa ƙafarta a ciki ba. Ka ajiye makulli, kar motar nan ta motsa ko nan da Kona. Ka ji ni?

TOBIYA: E... to... akwai 'yar matsala kaɗan.

SIMEON: Wace matsala kuma?

TOBIYA: Motar ba ta gida. Ta tafi Mutum Biyu tun da safe, sayo akuya da busasshen kifi na surukai.

SIMEON: Kai kana nan, wa ke tuƙi?

TOBIYA: Success. Ya ce yana so ya gwada ta a kan gudu, ya ga ko mitar tana juyawa daidai.

SIMEON: To shi ya jiyo. Shi kaɗai ne?

TOBIYA: Ai ka san Success bai iya cinikin akuya ba.

SIMEON: Tobiya. Wa ke cikin motar?

TOBIYA: Mama ce. Ta ce ba ta taɓa zama a gidan gaba ba. Har sabon ɗankwali ta ɗaura, tana ta ɗaga wa maƙwabta hannu. Sun ce kafin rana ta take za su dawo. Ga shi an kusa tashi daga aiki. Ƙila dai cinikin ne ya yi tsawo, ko? Yaya, ka yi magana mana. Da ka ce sitiyari ya yi tauri... birki fa? Idan inji ya ɗauke, birki yana kamawa ai, ko?

SIMEON: Ajiye wayar nan ka nemi mashin, ka bi hanyar Mutum Bi...

TOBIYA: Yaya? Yana kamawa ko ba ya kamawa? Alo! Alo! Madam, don Allah ara mini katinki!