Shinkafar da Babu Gishiri

Shugaban wannan taro, likitoci da ma'aikatan jinya na asibitinmu, malamar da ta koya mana girki, iyayena maza da mata, 'yan uwana masu jinya da waɗanda ake jinyarsu, assalamu alaikum.

Ina gode wa Allah da ya tara mu lafiya, ina gode wa shugaba da ya ba ni wannan dama, ina kuma gode wa matan ajinmu, waɗanda suka haƙura da namiji tilo a cikinsu, suka yi masa dariya son ransu, sannan suka gyara masa riƙon wuƙa.

Ni kafinta ne. Na yi furfura ban taɓa ɗora tukunya ba, domin mai ɗakina ta ɗauke mini wannan tun ranar da ta shigo gidana. Bara hawan jini ya kayar da ita a tsakar gida, ya shanye mata hannun dama. Likita ya hana gishiri, ya hana dunƙulen ɗanɗano, ya ce a rage mai. Ɗiyarmu ta riƙa dafa mata nata daban tana kai mata ɗaki, mu kuma muna cin namu a waje. Kwano ya shiga a cike, ya fito a cike. Tana ramewa muna kallo, har wata nas ta ja ni gefe ta ce, "Baba, magani ba ya aiki a cikin da babu abinci." Ita ta turo ni wannan aji, ga kuma abin da na koya.

Na farko, shinkafa. A wanke ta sosai, a dafa ta da tafarnuwa da 'yar citta, ta fito wara-wara. Ba ita ce uwar abincin ba. Gefe take zama, kusa da gasasshen kifi ko dafaffen ganye. Wadda na fara dafawa, jama'a, ta caɓe har da ita za a iya manna katako.

Na biyu, 'ya'yan itace. Gurbin da gishiri ya bari, tsami da zaƙi ne ke cike shi. A yanka tuffa ƙanana, a jiƙa zabibi a ruwan ɗumi ya kumbura, a matsa lemon tsami bayan an sauke tukunya. Mai ciwon sukari dai ya tambayi likitansa kafin ya taɓa zabibi.

Na uku, ganye: na'a-na'a, ɗoɗɗoya da lawashin albasa, da ɗan man zaitun. Ba a haɗa su da wuta, sai shinkafa ta sha iska, domin ƙamshinsu shi ne ke kiran mara lafiya.

Na huɗu kuwa ba a aji na koya shi ba. Ranar da na ga girkina ya yi kyau, na kai mata da kaina, ina taƙama. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Malam, kai ka ci?" Na ce namu na waje. Ta ce, "To, kai wannan ma wajen." Ta juya fuska ga bango.

Na fito da kwanon. Ashe ba gishiri kaɗai aka hana ta ba. Mun raba ta da tukunyarta, mun raba ta da zaman cin abinci, mun bar ta da kwano da bango, muna ganin hutar da ita muke yi.

Na tafi shago na harhaɗa kujera mai hannu, na ajiye ta a ɗakin girki, muka riƙo ta ni da ɗiyarmu muka zaunar da ita. Tana kallona har na ɗauki wuƙa zan yanka na'a-na'a. Sai na ji ta ce, "Wa ya koya maka haka? Da hannu ake tsinka ta. Miƙo nan." Tun da ta kwanta ban ji ta yi wa kowa faɗa ba, kuma ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Ta tsintsinka ganyen da hagu, ta ɗanɗana, ta ce a ƙara lemo. Ran nan tukunya ɗaya aka ɗora a gidana, tare muka ci, ita ma ta ci.

Don haka ina roƙonku, maza da mata, kada ku ware mara lafiya da kwanonsa. Ku ci abin da yake ci, ku zauna inda yake zaune, ku bar masa aikin da zai iya, komai ƙanƙantarsa.

Hannun nan har yau bai dawo ba, likita kuma bai yi mana alkawari ba. Amma ga ta can a zaune cikinku, kumatu sun ciko. Shinkafar da za a raba muku yanzu, ita ta tsinka ganyenta. In kun ji tsami ya yi yawa, laifina ne. In kun ji daɗi, ga mai girkin can.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya saka wa ma'aikatan wannan asibiti da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.