Kwalbar Ƙuma

A rumfar jiran mota a Lamphun, Buakham ta ɗora karenta a cinya tana taje shi, tana karkaɗe ƙuma cikin kwalba. Wani dattijo na gefe yana ta susar ƙafa.

"Yaya, ki sayi maganin feshi ki huta mana," in ji shi.

"Ni? Shekara talatin ina riƙe da alkawarin da na ɗauka a gaban Buddha, ko sauro ba na kashewa. Sai ƙuma ce za ta karya ni?"

"Ba sa cizonku?"

"Sosai ma. Jikokina sun ƙaurace wa gidan. 'Yata ta ce ko feshi ko ita, na ce ta gaida gida."

"Kwalbar fa, ina kike kai ta?"

"Haikalin bakin kogi. Kullum da safe nake juye su a gindin babbar bishiyar nan. Can ba mai taɓa su."

Dattijon ya naɗe wando. Ƙwaurinsa duk tabon cizo ne.

"Ni ne mai sharar wurin. Wata uku ke nan ina fama."

Buakham ta dubi ƙafar, ta ƙara murɗa murfin kwalbarta.

"Ka kashe ko ɗaya?"

"Ba adadi."

"To alhakin na wuyanka. Ni da ransu na kai su."