Geron Iri a Teburin Madan

Jakin Baba aka sayar a kasuwar Jibiya aka yi mini kuɗin mota zuwa Ikko. Ku matso, Sale, kai da ƙanenka, tunda direbanku bai gama da 'yan kwastan ba. Shekarun fari ne lokacin, a ƙauyenmu Riko har iri mun cinye. Ana ta cewa kuɗin man fetur sun cika Kudu, sai ka duƙa kawai ka tsinta. To, na duƙa ɗin, har yau bayana bai miƙe ba.

Aikin lambu na samu a gidan wani ɗan kwangila. Matarsa, Madan, a Sabon Garin Kano ta tashi, saboda haka da Hausa take yi mini faɗa, ba sai an nemo tafinta ba. Ɗakina a baya yake, wai boskwata. Sunan kawai ke da girma, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa.

Akwai wani direba mutumin Maraɗi mai kai shanu kasuwar Agege a can Ikko. Shi na yi ta roƙo har ya taho mini da zangarniyoyin gero 'yan kaɗan, irin mai saurin nuna, ko ruwa ya ɗauke da wuri yana yi. Na rataye su a bango. Niyyata in kai wa Baba kafin ruwan shuka, don na san rumbunsa ba ƙwaya.

Ana haka Madan ta raka mijinta Japan sayen motoci, ta dawo da wata sabuwar wahala. Wai can ba a cika tulu da fure, ikebana suke yi. Ni da kukun gidan akabana muke cewa. Kasko ne mai faɗi, a zuba ruwa da tsakuwa, a kafa reshe ɗaya dogo, ɗaya matsakaici, ɗaya gajere, sauran wurin a bar shi wayam. Za ta yi fati, shi take so a tsakiyar tebur.

Na sha yawo, 'ya'yana. In kawo reshe miƙaƙƙe, ta ce, "Garba, gini na ce za mu yi? Karkatacce nake so!" In kawo karkatacce, ta ce ya cika karkata. Ranar da ta biyo ni har ɗaki da masifa, idonta ya faɗa kan bango.

"Wancan fa?"

"Iri ne, Madan. Na mahaifina."

"Ara mini."

"Ba abin ado ba ne, shukawa za a yi."

"Cinyewa zan yi? Aro na ce. Ko aikin ne ya ishe ka?"

Aikin ya ishe ni, amma ban da kuɗin komawa. Na kwance na ba ta, raina a ɓace.

Ranar fatin ba a barin irinmu shiga falo, ta taga na leƙa. Gerona ne a tsaye cikin kasko, amma yana walƙiya. Ashe ta ga ya yi kama da kayan ƙauye, ta sa an fesa masa fenti ruwan zinariya. Manyan mutane suna kewaya shi da kofuna a hannu, har da mai ɗaukar hoto. Ni kuwa na je na zauna bakin famfo.

Washegari ta cika alkawari. Ta miƙo mini a takarda tana murmushi.

"Ga kayanka, har na gyara maka."

Wallahi da gaske take, ba ta san ta yi komai ba. Na gwada kankarewa da wuƙa, na gwada kananzir, ƙwayar ta taurare kamar tsakuwa. Na je Agege, aka ce direban ya koma Maraɗi, sai bayan damina.

Ƙarshen wata na karɓi albashi na hau mota. A nan wurin da muke zaune na sauka, hadari ya riga ya haɗu ta gabas. Na iske Baba ya gama sharar gona, tun da saƙona ya iso cewa iri na tahe. Takardar na ajiye gabansa. Ya buɗe, ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ya sansana. Ya daɗe yana kallon gonar.

Sannan ya ce, "Sannu da hanya, Garba. Ɗauke wanga ka sa sama, kada kaji su ci su mutu."