Motar da ta Wuce Baba Dawuda a Hawan Suda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam liman, Allah ya gafarta malam. Baba Alhaji Maulud, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawan Riyad, ranka ya daɗe. Dattawa, ina gaisuwa. Inna Mariamou, matar marigayi, ke da 'yarki Zouera da kuke bayan labule, sannunku da haƙuri. 'Yan uwana na keke da kuka maƙale can bakin ƙofa kamar ba ku da gaskiya, ku shigo ciki mana.

Sunana Uwais. Ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba, karatuna kuma bai yi nisa ba. An ce in yi magana saboda ni ne na ƙarshe da ya ji muryar Baba Dawuda. An kuma ce in taƙaita, in ce mutumin kirki ne, in zauna. To, mutumin kirki ne. Amma ba zan zauna ba tukuna.

Ya kasance shi ke zuwa filin jirgi ɗauko wanda ba shi da kowa. Ni ma haka ya tsince ni, ina riƙe da leda, ban san ma ƙofar fita ba. Ya ce, "Kai ne na Gusau? Yalla, mu je, ɗauko ledarka, kar su ɗauka shara ce."

Ya kasance mai gyaran keke a unguwar Batha. Yaran da ke kai saƙo a keke, namu da waɗanda ba namu ba, duk wurinsa suke zuwa. Idan an yi mana rasuwa, shi ke wankan gawa. Shi ya sa ya san abin da ke kashe mu. Yakan ce, "Mu nan a zaune muke mutuwa. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai shinkafa, sai sukari ya gama da mutum."

Ya kasance kowace Juma'a da asuba yana kwashe mu zuwa hawan dutsen Tuwaiƙ, bayan gari. Kuma mun yi masa dariya, kar mu yi ƙarya a gaban malam. Mu muka sa masa suna Alhaji Keke. Mu muke ce masa, "Ka baro keke a Damagaram, ka hau jirgi, ka zo Saudiyya ka koma keke?" Sai ya ce, "Ku kuma kun baro tumbi a gida, kun zo kun sayi sabo." Akwai mutane a ɗakin nan da suka rage shan magani saboda kekensa. Sun san kansu.

Doka biyu ce da shi. Ta farko, ba a barin na baya. Shi da kansa yake tafiya da wanda ya fi kowa gajiya. Ta biyu, motar rakiya tana bayan na baya, fitilunta na ƙiftawa, don duk motar da ta taho ta gan ta ta rage gudu. Ba ta wucewa. Ko gobara ake a gaba, ba ta wucewa.

A hutun da ya wuce ya kai mu kudu, wajen Abha, mu hau dutsen Suda. Jama'a, ni ɗan fili ne. A garinmu tudun da ya fi kowane tsawo juji ne. Na ɗaga kai na ga hanya tana naɗewa kamar igiya har ta shige sama, na ce, "Baba, nan mutane ke bi ko aljanu?" Ya ce, "Birai ma suna bi, kuma ba su da giyar keke. Sa ƙaramar giya, kar ka kalli sama, kalli tayarka ta gaba."

Muka fara. Kwanar hanya bayan kwana, kowace ta fi 'yar uwarta tsaye. Ƙirjina kamar an zuba barkono. Birai a bakin hanya suna kallona kamar sun san ba zan kai ba. Sauran suka yi gaba, saura ni da shi a gefena, sai direbanmu Jibrin a bayanmu da motar rakiya. A cikin motar akwai Baba Alhaji, ya biyo mu ganin gari.

Can sai gajimare ya sauko kan hanya. Wallahi ban san ana shiga cikin gajimare da rai ba. Sanyi, jiƙa, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon ɗakin nan.

Inna Mariamou, tun ranar da muka dawo kike tambaya ɗaya. Kin tambayi dattawa, kin tambayi 'yan keke, jiya kin aiko Zouera ta tambaye ni: "Ina motar take?" Kowa ya ce miki ƙaddara. Eh, ƙaddara ce, na yi imani. Amma ba wannan kika tambaya ba.

Motar ta matso gefenmu, gilashi a buɗe, da kunnena na ji. Baba Alhaji ya ce sanyi ya dame shi, a kai shi sama ya sha shayi, ai ba nisa. Jibrin ya ce, "Alhaji, Dawuda ya ce kar in wuce." Baba Alhaji ya ce, "Dawuda ne babba ko ni?"

Baba Alhaji, don Allah kar ka ɗaga min hannu. Malam, a bar ni in ƙarasa. Na san ɗakin da nake kwana Baba Alhaji ne ya samar min. Wataƙila yau in kwashe ledata. Ba komai, da ita na zo.

Jibrin ya sunkuyar da kai ya taka mota. Baba Dawuda ya ɗaga murya, "Jibrin! Jibrin!" Fitilun suka shige gajimare. Sai ya yi tsaki, ya ja birki, ya koma bayana. Ya ce, "To, ɗan Gusau, yanzu ni ne motarka. Taka."

Ina takawa. Ina jin numfashinsa a bayana. Sai wata mota ta fito daga kwana ta bayanmu, ta buge Baba Dawuda. Mai motar ya tsaya, ya yi ta kuka, ya ce bai ga komai ba sai 'yar jar fitilar keken, ita ma sai da ya zo kanta. Na yarda da shi. Da motarmu na nan, da ya gan ta tun daga nesa.

Ni ne ya kamata in kasance a wurin nan. Shi ya tsaya a ciki.

Shi ne ɗazu, kafin a ba ni magana, na ji an tashi an sanar wai keke ne ya kashe Dawuda, wai daga yau ƙungiya ta hana 'ya'yanta hawa. Ni ban gane ba. Ku fahimtar da ni, ni baƙo ne. Keke ne ya ji sanyi? Keke ne ya nemi shayi? Mutum ya yi shekaru yana hawa, dokarsa ba ta taɓa cin kowa ba, rana ɗaya aka karya ta, muka binne shi a Abha, sai kuma a kama kekensa da laifi? Haba jama'a!

Kuma ba Baba Alhaji kaɗai nake wa fushi ba. Da mu duka nake. Haka aka raine mu: babba ya yi magana, ƙarami ya ce to. Wa ke nan da zai iya cewa a'a da shi ne a kujerar Jibrin? Na ga kuna kallon tabarma. Girmama na gaba tarbiyya ce, ban musa ba. Amma a kan dutse, cikin gajimare, babba shi ne wanda ke baya a kan keke.

Inna Mariamou, ga amsarki. Zouera, babanki ba wasan yara ya je yi ba. Idan wani ya ce miki a kan keke ya mutu yana murmushi, ki ce masa a bayan ɗan mutane ya mutu, yana tare masa hanya.

Juma'ar nan za mu fita Tuwaiƙ, da izinin ƙungiya ko babu. Abu ɗaya muka rasa: mota a bayanmu. Wa zai bi mu?

Jibrin, ka miƙe. Na gan ka. Share idonka, ka faɗa da ƙarfi Inna ta ji daga bayan labule: idan babba ya ce ka wuce, me za ka ce?

Kun ji shi. Ya ce a'a zai ce.

Baba Alhaji, akwai kujera a motar nan idan kana so. Ka zo da rigar sanyi da shayinka a fulas. Amma tafiyarta tafiyar na baya ce, kuma na baya ni ne, ba ni da sauri.

Na gode da kuka saurare ni. Wanda na ɓata wa rai ya yafe min, amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Allah ya jiƙan Baba Dawuda, ya haskaka kabarinsa a can tsakanin duwatsu. Yadda bai taɓa barin na baya ba, ya Allah kar ka bar shi a baya ranar da kowa ke ta kansa. Ka ba Inna Mariamou da Zouera haƙuri. Malam, a yi mana Fatiha.