Malam Maniru da Ruwan Gonakin Ƙarshe

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, malamanmu limamai, Sarkin Noma, manoman da suka taso daga Lambara, Dandin Mahe da Boɗinga, da Malama Zulaihatu da 'ya'yanta da ke saurare daga cikin gida: barkanmu da haƙuri.

Yau kwana arba'in da rasuwar Malam Maniru, wanda ya shekara ashirin da biyu riƙe da makullin ƙofar da ke sakin ruwan dam zuwa gonakinmu na rani. An ce in yi magana da yawunmu duka.

Ya kasance mutum mai doka guda: gonar da ta fi nisa ita ke fara sha. Sai ruwa ya kai ƙarshen magudana yake barin na kusa su buɗe nasu. Gonarsa ta albasa kuwa a bakin ƙofar take, saboda haka kullum ita ce ta baya.

Ya kasance ba ya jin zafin gori. Shekarar da laka ta cike magudana, ruwa ya ja baya, Alhaji Idi, maƙwabcinsa a gona, ya tare shi a gabana ya ce, "Maniru, kai wane irin mai ƙofa na? Ruwa na wucewa ta gabanka, albasakka na mutuwa!"

Ya ce, "Alhaji, ni in na rasa albasa ina da albashi. Altine da ke can ƙarshe, mi gare shi?"

Albasarsa ta ƙone a shekarar. Ta Altine ta kai kasuwa.

Ya kasance yana shiga magudana da shebur da kansa, a shekarun da ya kamata ya huta. Sanyin ruwan nan ne ya kama masa ƙirji a watan Janairu, bai tashi ba.

Malama Zulaihatu, kin ci tuwo da ƙarancin miya domin wasu gidaje su samu. Mun sani, kuma ba mu taɓa gode miki ba. Shamsuddeen, Atika, mahaifinku bai bar muku gona mai yawa ba, amma babu ƙauyen da za ku faɗi sunansa a hana ku tabarma.

Ga abin da ya fi yi mini nauyi. Tun rasuwarsa kowa ke buɗe wa kansa. Jiya na je ƙarshen magudana. Ƙasa ta tsage, dashen Altine ya kwanta. Ya ce mini in ruwa bai zo cikin mako ba, zai bar gonar ya tafi ci-rani. Mu da ke zaune a nan muka shanye rabonsa, har da ni.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a naɗa mai ƙofa kafin a naɗe tabarmin nan.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam Maniru, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Mu kuma Ya yafe mana. Amin.